Sharuɗɗan ɗaurin talala sun raba maigidana da 'ya'yansa, akwai inda ake kai kuka?

Ummu_Uku:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai abin ya kai ni maƙura. An sako maigidana daga gidan yari don ya ƙarasa sauran wa'adinsa a waje, ƙarƙashin jami'in sa ido. Laifinsa faɗa ne. Ya ji wa wani mutum mummunan rauni, ya amsa laifinsa a gaban alƙali, kuma ban zo nan don in wanke shi ba. Damuwata takardar sharuɗɗan da aka ba shi. An shata masa yankin da ba zai taka ba, saboda wanda ya ji wa raunin a ciki yake zaune. To gidanmu na cikin yankin nan. Makarantar yara na ciki. Asibitin da ake kwantar da ɗanmu na tsakiya, mai ciwon sikila, shi ma yana ciki. Shi kuma an ajiye shi a wani masauki na hukuma can nesa da mu, da dokar hana fita da daddare. Duk ranar da ciwon yaron ya tashi cikin dare, ni kaɗai ce da shi da sauran biyun, babansu na jin kukansa ta waya ba halin ya zo. Ya yi wa jami'in magana da baki, amsar kullum ita ce za a duba. Tambayata: ana iya ƙalubalantar irin wannan sharaɗi? Idan mun matsa, ba za a ɗauke shi mai taurin kai a mayar da shi ciki ba?

Abu_Hafsa:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaro lafiya, ya kawo muku mafita. Amma Malama, a wace ƙasa kuke? Dokar nan kowace ƙasa da tata, kada a ba ki shawarar da ba ta aiki a inda kike.

Ummu_Uku:
Amin, na gode. A Ingila muke.

MaiGaskiya77:
Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, 'yar'uwa. Mutumin nan da yanzu yana kulle, aka tausaya aka bar shi ya sha iskar waje. Ni a ganina godiya ta kamace ku, ba ƙorafi ba. Wa'adi ne, zai wuce. Ku kai masa yaran inda yake, shi ke nan.

Sarkin_Yawo:
Kai ni fa ban ga abin wahala ba. Yaro na kwance asibiti ƙarfe biyun dare, wa zai gan shi? Ya shiga ya duba ɗansa ya fito kafin asuba. Jami'in yana gidansa yana barci.

Baffa_Direba:
Sarkin_Yawo, don Allah ka janye wannan magana kafin wani ya ɗauka. Ni na yi zaman talala a Amurka, na san abin da nake faɗa. Wanda yake masaukin hukuma sai ya sa hannu zai fita, sai ya sa hannu in ya dawo. Da yawa kuma akwai na'ura ɗaure a ƙafarsu da ke nuna duk inda suka taka. Ko babu na'ura, asibiti cike yake da kyamara da ma'aikata. Na zauna da wani bawan Allah da ya tsallaka zuwa wata jiha jana'izar mahaifiyarsa ba da izini ba, ya dawo aka kama shi. Ba sabon laifi ya yi ba, sharaɗi kawai ya karya, ya koma ciki. Malama Ummu_Uku, duk abin da za ku yi, kada ƙafarsa ta taɓa yankin nan sai da izini a rubuce. Ranar da ya karya, duk hujjar da kuke da ita ta mutu, kuma yaron da ake so ya gani zai daina ganinsa gaba ɗaya.

Barista_Nana:
Maganar Baffa ita ce farko. Sai kuma in gyara wa MaiGaskiya77 abu guda: a Ingila da Wales, yawancin masu wa'adi ƙayyadadde ba tausayi ne ke fitar da su ba, doka ce ta ce wani kaso na hukuncin a ciki za a yi shi, sauran a waje ƙarƙashin sa ido. Don haka neman a gyara sharaɗi ba butulci ba ne.

Ummu_Uku, e, ana ƙalubalanta. Sharuɗɗan kashi biyu ne. Akwai na kowa da kowa: zama a adireshin da jami'i ya amince da shi, neman izini kafin a kwana a wani wuri ko da dare ɗaya ne, rashin fita ƙasar sai da izini, da zuwa duk lokacin da aka kira. Waɗannan ba a cire su. Sai na ƙari, waɗanda ake ɗora wa mutum saboda yanayin laifinsa, irin shata yanki da hana tuntuɓar wani. Ƙa'idar hukumar sa idon da kanta ta ce na ƙarin nan dole su zama akwai buƙatarsu, kuma kada su wuce gwargwadon haɗarin da ake gudu. A nan ƙofarku take.

Bayan wannan akwai Sashe na 8 na Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, wanda ya ba kowa haƙƙin a mutunta rayuwarsa ta iyali. Dokar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1998 ce ta shigo da shi cikin dokar ƙasar, ta fara aiki a Oktoban 2000, kuma ta haramta wa duk wata hukumar gwamnati yin abin da ya saɓa masa. Sai dai ki sani, sashen da kansa ya yarda a taƙaita wannan haƙƙi don hana aikata laifi ko kare haƙƙin wasu. Saboda haka ba za ki je ki ce yana da iyali, a soke sharaɗi, a soke ba. Abin da ake tambaya shi ne: akwai hanya mafi sauƙi da za ta kare wancan mutumin ba tare da an raba uba da ɗansa mara lafiya ba? In akwai, me ya hana a bi ta?

Ki ɗauko takardar ki karanta mana layin da ya yi maganar yankin, kalma bayan kalma. Ki duba ko an haɗa da taswira.

Hajiya_Saratu_M:
Ina ta karantawa ban ga wanda ya tuna da mutumin da aka ji wa rauni ba. Ni an taɓa dukana har na kwanta asibiti, kuma wanda ya yi min ya fito. Abin da ya sa na iya fita ƙofar gidana shi ne sanin cewa an hana shi shigowa inda nake. Ba ku san yadda gaba ke faɗuwa ba in ka hango mai kama da shi a tashar mota. Wancan bawan Allah shi ma wataƙila yana da 'ya'ya, shi ma yana zuwa asibitin nan. Ina tausayin yaron ƙwarai, Allah ya sani, amma kada a mai da wanda aka zalunta kamar shi ne matsalar.

Ummu_Uku:
Hajiya, wallahi maganarki ta shige ni, kuma Allah ya saka miki. Ba na son mutumin nan ya sake ganin maigidana ko daga nesa. Da layinsu kawai aka hana, ko inda yake aiki, da ba ku ji bakina ba. Amma yankin da aka zana ya cinye kusan rabin gari.

Barista, na duba. Akwai taswira. Layin ya ce ba zai shiga yankin da taswirar ta nuna ba sai da amincewar jami'in da ke sa ido a kansa tun kafin ya shiga.

Barista_Nana:
To kin ga. Sharaɗin da kansa ya bar wa jami'in ikon ba da izini. Ke nan abu biyu za ku nema, kuma ku raba su. Na farko izini na musamman don asibiti, wanda jami'in zai iya bayarwa ba tare da an taɓa takardar ba. Na biyu a rage girman yankin, wanda ya fi ɗaukar lokaci saboda sai an gyara takardar kanta. In hukumar da ke yanke shawarar sakin fursunoni ce ta sake shi, sai an koma gare ta. In sakin da doka ta tsara ne, ba sai an je gare ta ba.

Ku daina magana da baki. Ya rubuta da sunansa, domin shi ne mai shari'ar, ba ke ba. Ya kuma ba da izini a rubuce cewa a riƙa magana da ke, in ba haka ba za su ce ba su da ikon gaya miki komai. A haɗa da wasiƙar likitan yaron mai bayyana yadda ciwon ke tashi ba shiri da abin da zuwan uba ke yi wa yaro. Kada wasiƙar ta tsaya a kuka, ta kawo mafita: hanya guda da zai bi zuwa asibiti ya koma ta ita, zai kira kafin ya shiga da bayan ya fita, ya yarda a ɗaura masa na'urar bibiya in ana so. A ƙarshe ya nemi amsa a rubuce tare da dalili.

Ga Hajiya Saratu kuma, gaskiyarki ce, kuma kotu ma ta tsaya a inda kika tsaya. A shari'ar Craven ta 2001, wani da aka ɗaure kan kisa ya ƙalubalanci hana shi shiga yankin Newcastle inda danginsa suke. Babbar kotu ta yarda cewa hanin ya taɓa rayuwar iyalinsa, amma ta bar sharaɗin saboda iyalan wadda aka kashe su ma suna da haƙƙin kada su yi kiciɓis da shi. Shi ya sa nake cewa a nemi ragewa da tsari, kada a nemi sokewa.

MaiGaskiya77:
Barista na ji batun doka. Amma har yanzu ina kan bakana ta wani ɓangaren. Me zai hana su tashi daga yankin? In gidan ya koma waje, ai magana ta ƙare.

Maman_Iman:
MaiGaskiya77, kana da yara kuwa? Tashi da yara uku ba ɗaukar jaka ba ne. A cire su daga makaranta, a raba mai sikila da likitocin da suka san jikinsa tun yana jariri, uwar ta bar aikinta. Su wane laifi suka yi? Kuma ko sun tashi, sai jami'in ya zo ya duba sabon gidan ya amince kafin mijin ya kwana a ciki. Ana iya tashin a banza.

Ɗalibin_Shari'a:
Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda aikin sa idon nan ya juya daga asalinsa. Wanda ake dangantawa da fara shi wani mai ɗinkin takalma ne a birnin Boston na Amurka, John Augustus, wanda a 1841 ya roƙi kotu ta ba shi wani mashayi ya kula da shi maimakon a kulle shi. Jihar Massachusetts ta mai da abin doka a 1878. Ingila ta yi tata dokar a 1907, kuma aikin da dokar ta ɗora wa jami'i shi ne ya ba mutum shawara, ya taimake shi, ya zame masa aboki. Yau kuma aikin ya koma lissafin haɗari da tsoron kada a zargi ofis. Alhali duk mai hankali ya san wanda ya koma cikin iyalinsa, yana kai yara makaranta, yana da abin da zai yi asara, ya fi wuyar komawa laifi a kan wanda aka ajiye a masauki cikin baƙin fuskoki.

Akwai kuma Ƙa'idojin Tokyo da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Disambar 1990 kan hukuncin da ba na kulle ba. Sun ce sharuɗɗa su zama masu yiwuwa, bayyanannu, kuma kaɗan iya yadda za a iya. Sun ce a mutunta sirrin mai laifin da na iyalinsa, kuma yana da haƙƙin kai koke gaban wata hukuma mai zaman kanta. Har sun ce karya sharaɗi bai kamata ya zama komawa kurkuku kai tsaye ba.

Barista_Nana:
Duk daidai ne, ɗalibi, sai dai Ƙa'idojin Tokyo jagora ne ga ƙasashe, ba doka ce da alƙali zai tilasta wa jami'i ba. Kada Ummu_Uku ta cika wasiƙarta da su. Shafi ɗaya mai hujjar likita ya fi mata amfani.

Anti_MaiRitaya:
Bari in yi magana daga ɗaya gefen teburin, don na yi shekaru ina wannan aiki kafin in ajiye. 'Yata Ummu_Uku, yawancin jami'an nan ba mugunta ke sa su cewa za a duba ba. Mutum ɗaya na riƙe da fayil masu yawan gaske, kuma ya san in ya sassauta wani abu ya faru, sunansa za a kira. In ya ƙi sassautawa kuwa ba mai tambayarsa. To wanne kike ganin zai zaɓa? Shi ya sa buƙatar baki ke mutuwa a inda aka faɗe ta. Amma takarda dole a saka ta a fayil, dole shugabansa ya gani, dole a ba ta amsa.

Wani abin da ba a faɗa ba: yankin nan sau da yawa daga buƙatar wanda aka yi wa laifin yake fitowa. Akwai jami'i na daban da ke tuntuɓar waɗanda aka yi wa laifin tashin hankali in hukuncin ya kai wata 12 ko fiye, yana kai buƙatunsu. Kuma akan faɗaɗa yankin da gangan don kada taswirar ta nuna ainihin gidan mutumin. Kin ga dalilin da ya sa ba za a zana layinsu kaɗai ba, yin haka tamkar nuna ƙofar gidansa ne. Don haka kada ku sa ran yankin zai koma ƙanƙani sosai. Amma cire asibiti daga ciki, ko buɗe hanya guda zuwa gare shi, abu ne da na ga an yi.

Gargaɗi ɗaya, da babbar murya: kada ke ko wani naku ya je wurin mutumin nan neman sulhu ko roƙon ya janye. Ko da kyakkyawar niyya ce, za a ɗauka mijinki ne ya aiko, kuma hakan kaɗai ya isa a mayar da shi.

Batun tsoronki na cewa za a ɗauke shi mai taurin kai: wanda ya rubuta cikin ladabi yana neman izini, a idona alama ce ta mai bin doka. Wanda ke ba mu tsoro shi ne wanda ya yi shiru ya je ya yi abin da yake so.

Abu_Hafsa:
Anti, Allah ya ƙara girma. Dama ina shirin cewa a samu dattawa su je su ba mutumin haƙuri. Ashe da an ɓata.

Baffa_Direba:
Anti ta faɗi gaskiya, amma ba duka jami'ai ne irinta ba. Na farkon da aka ba ni, in na ce ina son kai 'yata wani wuri sai ya ce in bari ya yi tunani, har ranar ta wuce. Da aka canza min wata, a zama ɗaya ta sa hannu. Doka ɗaya, takarda ɗaya, mutum ne ya bambanta. Wannan shi ne abin da ke ci min rai a tsarin: rayuwar iyalinka na rataye da halin mutum guda. A Amurka kimanin mutum miliyan 3 ne ke zaman talala, ka lissafa 'ya'yansu.

Mu a can, sauƙin da ake da shi shi ne alƙalin da ya yanke hukunci yana da ikon gyara sharuɗɗan, lauyanka zai shigar da buƙata a sa rana. In kuma iyalinka na wata jiha, akwai yarjejeniya tsakanin jihohin ta mayar da sa idon can, matuƙar saura fiye da kwana 90 a wa'adinka, kana bin sharuɗɗa, kuma kana da dangi a can da suka yarda su tallafa maka da hanyar samun abin yi. Da ita na koma kusa da 'ya'yana.

Ɗalibin_Shari'a:
Baffa, akwai ma hukuncin da ya yi daidai da wannan a can. A 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanki na 9 ta duba shari'ar wani mutum mai suna Wolf Child, wanda aka hana shi zama da duk wani yaro ɗan ƙasa da shekara 18, har da 'ya'yansa mata na cikinsa, sai da izinin jami'i. Kotun ta rushe sharaɗin, ta ce kafin a raba mutum da 'ya'yansa dole alƙali ya kawo hujja a kan shi wannan mutumin, ba a kan masu irin laifinsa a dunƙule ba.

Hajiya_Saratu_M:
Wannan misalin bai kwanta min ba. Laifin mutumin nan na yunƙurin lalata ne da yarinya mai ƙarancin shekaru. In kotu ta yi kuskure a irin wannan, yarinya ce za ta biya, ba alƙali ba. Ni dai inda laifi ya shafi yara ko dukan mace a cikin gida, gara a tsananta a yi kuskure da a sassauta a yi nadama. Na Ummu_Uku daban ne, mijinta ba iyalinsa ya taɓa ba.

Maman_Iman:
Hajiya, a nan muna tare. Amma ko a can ɗin kotun ba cewa ta yi a sake shi da yara ba ido ba, cewa ta yi a kawo dalili. Ni abin da nake ƙi shi ne a ɗauko sharaɗi ɗaya a yafa wa kowa. Ƙanwata mijinta laifin kuɗi ya yi, amma sai da ma'aikatan walwalar yara suka yi watanni suna bincike kafin a bar shi ya kwana gida, jaririyarsu har ta fara zama bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da ita ba. Wa aka kare da wannan?

Bako_Sabo:
Don Allah tambaya a gefe. Mu da ke Najeriya akwai irin wannan tsari kuwa? Ni ban taɓa ganin wanda aka ce yana ƙarƙashin jami'in sa ido ba.

Barista_Nana:
Akwai a doka. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanadi ɗaurin talala da aikin al'umma, ta kuma ba kotu ikon sauya sharuɗɗan. Dokar 2019 da ta sauya wa hukumar gidajen yari suna zuwa ta gyaran hali ta kafa ɓangare na musamman mai kula da hukuncin da ba na kulle ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 kuma ya kare sirrin mutum da gidansa, a ƙarƙashin taken haƙƙin rayuwar iyali. Wanda abin ya shafa zai koma kotun da ta ba da umarnin, in ba shi da halin lauya ya nemi hukumar ba da tallafin shari'a. Amma mu buɗe wa wannan zaure na daban, kada maganar Ummu_Uku ta ɓace.

Malam_Tanimu_K:
Ni abin da na ga an tsallake shi ne haƙƙin yaron kansa. Ana ta maganar haƙƙin uba da haƙƙin wanda aka ji wa rauni. Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Birtaniya ta sa wa hannu, ta ce a duk matakin da hukuma za ta ɗauka da ya shafi yaro, maslaharsa na cikin abin da za a fara dubawa. A Afirka ta Kudu, a 2007, kotun tsarin mulki ta duba shari'ar wata uwa mai 'ya'ya uku da aka yanke wa ɗauri kan zamba. Mai shari'a Albie Sachs ne ya rubuta hukuncin, aka mayar da ɗaurin ya koma na waje saboda ba a duba makomar yaran ba. Hujjarsa ita ce yaro mutum ne mai zaman kansa, ba reshen iyayensa ba ne da zai nutse tare da su. Malama, a wasiƙar ku tambaye su kai tsaye: da aka zana taswirar nan, an san akwai yaro mai sikila a ciki? An rubuta hakan a wani wuri? Ina kyautata zaton ba wanda ya tambaya.

Anti_MaiRitaya:
Tambayar Malam Tanimu ita ce mai ƙarfi. Kuma akwai hanyar sanin amsar. Mijin na da haƙƙin neman kwafin bayanan da ofishin ke riƙe da su a kansa, doka ta ba su wata guda su amsa, ko da yake za su rufe abin da ya shafi wancan mutumin. In babu maganar yaron a ciki, to an yanke shawara ba tare da an auna abin da ya kamata a auna ba, kuma lauya zai so ya ji haka.

Ummu_Uku:
'Yan'uwa na dawo da labari. Mun yi yadda Barista da Anti suka ce. Ya rubuta, likitan yaron ya ba mu wasiƙa, muka tura ta imel muka ajiye kwafi. An amsa a rubuce. Sun yarda ya riƙa zuwa asibiti in an kwantar da yaron, ta hanya guda, da rana kawai, kuma sai ya sami amincewar jami'in kafin kowace shiga. Batun gida da makaranta sun ce a'a, yankin na nan yadda yake, za a sake dubawa nan gaba, ba su sa rana ba. Na gode wa Allah da wannan, amma ciwon nan ba ya jiran a buɗe ofis. In ya tashi daren Asabar wa za mu kira?

MaiGaskiya77:
Alhamdu lillahi. To ku riƙe wannan ku yi shiru haka nan, kada garin neman ƙiba a samo rama.

Baffa_Direba:
A'a, ban yarda ba. Izinin da ba ya aiki da dare da ƙarshen mako rabin izini ne. Su koma su nemi a rubuta cewa in asibiti ta kwantar da yaron cikin gaggawa, ya sanar da ma'aikatan masaukin, su rubuta lokacin, ya tafi. Masaukin ai akwai ma'aikaci dare da rana.

Barista_Nana:
Shawarar Baffa mai kyau ce, ku nema da wannan lafazin. Game da ƙin rage yankin, hanya biyu ce a gabanku kuma agogonsu ba ɗaya ba ne. Akwai koke na cikin gida, daga shugaban ofishin zuwa sama, in bai gamsar ba a kai ofishin Ombudsman mai binciken koken fursunoni da masu zaman talala. Ba a biyan ko sisi, sai dai yana da jan lokaci, kuma shawara yake bayarwa. Sai kuma neman babbar kotu ta duba halaccin matakin. Wannan dole a shigar da shi da gaggawa, kada ya wuce wata 3 daga ranar da aka yanke shawarar, kuma kafin nan lauya kan aika wasiƙar gargaɗi da akan ba hukuma kwana 14 ta amsa. Sau da yawa a kan wannan wasiƙar ake daidaitawa. Kada ku zauna jiran koke har wata ukun su cika. Ku nemi lauyan da ya ƙware a dokar gidajen yari tun yanzu, ku tambaye shi ko kun cancanci tallafin shari'a. Ƙungiyar Prisoners' Advice Service na ba da shawarar doka kyauta, Unlock kuma na taimakon masu tarihin hukunci. Ki sani kuma, ko kotu ta ba ku gaskiya, galibi cewa take a koma a sake yanke shawarar yadda ya dace, ba ita ke zana sabuwar taswira ba.

Hajiya_Saratu_M:
Na yi murna da batun asibiti, har ga Allah. Na gida kuwa ina nan a kan ra'ayina, a bar wa wancan bawan Allah unguwarsa har wa'adin ya cika.

Maman_Iman:
Unguwar yaran ce su ma, Hajiya. A can aka haife su.

Ummu_Uku:
Za mu rubuta kan batun dare gobe in sha Allah. Na kotu kuwa maigidan yana ɗari-ɗari, yana ganin saura ƙasa da shekara, kada a ɓata da jami'in da zai ci gaba da zama a gabansa kowane mako. Ni kuma ina ganin shekara a rayuwar yaro ba kaɗan ba ce. Ba mu daidaita ba tukuna. Anti, in lauya ya aika irin wasiƙar nan, jami'in da kansa ake tuhuma ko ofishin? Kuma yana iya neman a canza masa jami'i ba tare da an rubuta masa shi a matsayin laifi ba?